CIKE KO WOFI? YADDA RUWAN MAFITSARA KE SHIGA LISSAFIN GASHIN CIWON DAJI NA BAKIN MAHAIFA

Cikin cututtukan da ke kashe mata a duniya, ciwon daji na bakin mahaifa, wanda waɗansu ke ce wa sankara, yana cikin na gaba-gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 mata wajen 660,000 suka kamu da shi, wajen 350,000 kuma suka mutu, mafi yawansu ƙwarai a ƙasashen da ba su da wadata. A Nijeriya kaɗai, ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna wajen mata 12,000 suka kamu, wajen 8,000 suka rasu. Mun sani da yawa cikin masu karanta shafin nan malaman makaranta ne da akawuna, su ne kuwa a kan kawo wa takardar asibiti a ce su duba su fassara, su ne a kan tambaya ko a yarda da abin da likita ya ce ko a koma gida. Saboda haka muka ga ya kamata mu ɗauki abu guda cikin sha'anin maganin ciwon nan, wanda a ido ƙarami ne, mu bi shi har gindinsa. Abin nan shi ne yawan ruwan da ke cikin mafitsarar mace a sa'ad da a ke yi mata gashi daga ciki. Maganar za ta taɓa wuraren da a ke jin nauyin ambatonsu, to, a gafarce mu, ba dama a bayyana magani sai an kira kowane abu da sunansa.

GASHI IRI BIYU

Idan ciwon ya wuce inda wuƙar likita za ta iya cire shi, watau ya yi girma ko ya fara bin naman da ke kewaye da bakin mahaifa, babban maganinsa shi ne abin da a ke kira gashi. Ba da wuta a ke yinsa ba, ko da ya ke sunan ya nuna haka. Wani irin haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa jiki, yana lalata ƙwayoyin tsiron har su kasa ƙaruwa su mutu. Ana auna shi da wani ma'auni da a ke ce da shi gire, bisa sunan wani masani na ƙasar Ingila, Louis Harold Gray. A riƙe kalmar nan, za mu yi lissafi da ita a gaba.

Da fari a kan yi gashi daga waje. Mace ta kwanta, babban inji ya kewaya ta yana harba hasken cikin ƙugu, kullum kaɗan-kaɗan daga Litinin zuwa Juma'a, har zama 25 cikin mako biyar, jimla gire 45. Tun daga shekarar 1999 a kan haɗa da ƙarin ruwa na wani magani mai suna sisfilatin sau ɗaya a mako, don ya ƙara wa hasken kaifi. Amma fa gire 45 ba ya kashe tsiron da ya kafu. Ana bukatar 85 ko fiye. In kuwa aka ce za a kai wannan adadi da injin waje kaɗai, hanji da mafitsara za su lalace tun tsiron bai mutu ba, domin hasken ba shi da hanyar isa bakin mahaifa sai ta cikinsu.

Nan ne gashi na biyu ya shigo, watau na ciki. A kan yi wa mace allurar baya ko a ba ta maganin barci, sa'an nan likita ya zura wani siririn bututu ta bakin mahaifa har cikin mahaifar, ya sa wani zobe ko 'yan ƙwallaye biyu a saman farji su rungumi bakin mahaifar. In tsiron ya karkata gefe guda, a kan ƙara da waɗansu allurai masu rami a cikin namansa. Duk kayan nan wofi su ke, ba haske cikinsu. Sai an gama shiri, kowa ya fita ɗakin, sa'an nan wani inji ya turo ƙwayar ƙarfe mai fid da hasken, wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa girma ba, tana manne da bakin waya. Ta shiga bututun, ta tsaya nan 'yan daƙiƙu, ta matsa gaba kaɗan ta sake tsayawa, har ta gama zagayenta ta koma gidanta. Duka-duka aikin bai cika wuce minti goma ko goma sha biyar ba. Ƙarfen da aka fi amfani da shi sunansa iridiyam, ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana 74, don haka tilas a riƙa sauya shi wajen wata uku-uku. Inda shigo da kaya daga ƙasashen waje ke da wuya, waɗansu asibitoci sun fi son kobal, wanda sai bayan shekara biyar da 'yan watanni ƙarfinsa ke rabewa.

MAƘWABTA A ƘUNTATACCEN GIDA

Don a gane abin da ya kawo mafitsara cikin zancen, sai a san yadda kayan cikin mace su ke zaune a ƙugu. Mafitsara tana gaba. Bayanta, jingine da ita, bakin mahaifa ne da saman farji, tsakaninsu ba kome sai ɗan nama marar kauri. Ita mahaifar kanta, ga yawancin mata, a sunkuye ta ke gaba, ta kwanta bisa mafitsara. A baya akwai ƙarshen hanji wanda ke zuwa dubura, bisansa kuma lanƙwasar babban hanji. Can sama ƙananan hanji ne a naɗe, su kuwa ba su da mazauni guda, duk inda suka sami fili sai su zubo su cika shi.

Ƙarfin gashin ciki da hatsarinsa duk tushensu ɗaya. Hasken yana da zafi ƙwarai kusa da ƙwayar, yana kuma faɗuwa da sauri in an ja baya. Malaman lissafi za su gane ƙa'idar nan da nan: in nisa ya ninka biyu, hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ya ninka uku ya koma ɗaya cikin tara. Abin da ya sami 100 a nisan santimita ɗaya, 25 zai samu a santimita biyu. A juya lissafin kuma. Bangon mafitsara da ke nisan santimita biyu, in wani abu ya matso da shi zuwa ɗaya da rabi, abin da zai sha ya kusa ninkawa. Gaskiya ne da ya ke ƙwayar tana tsayawa wurare da yawa a jere, faɗuwar ba ta kai haka tsanani ba a jikin mutum, amma ƙa'idar tana nan. Rabin santimita, faɗin ƙwayar masara, shi ne wani lokaci tsakanin mafitsara lafiyayya da wadda za ta dame mai ita har ƙarshen ranta.

Cikin maƙwabtan nan duka, mafitsara ce ta fi sauya girma. In wofi ta ke sai ta lanƙwame kamar salkar da aka tsiyaye. In ta cika ta kan ɗauki mililita 400 zuwa 500, kusan ledar ruwan sha guda ke nan, ta tashi ta ture mahaifa sama da baya, ta kori hanjin da ke kanta. Ƙoda kuwa ba ta hutu, tana zubo mata wajen mililita 50 a kowace awa, fiye da haka ma in an ɗaura wa mace ƙarin ruwa.

DA CAN BA A YIN TAMBAYAR

Marie Curie da mijinta Pierre suka gano radiyam a birnin Faris a shekarar 1898, ba a yi shekara goma ba likitoci suka fara sa shi a bakin mahaifa. Mutanen Faris suka fito da tasu hanya, na Istokholm a ƙasar Suwidin da tasu. Amma wadda ta fi yaɗuwa a ƙasashen da ke bin koyarwar Ingila ita ce ta birnin Mancesta, wadda wata likita, Margaret Tod, da wani masanin awon haske, W. J. Meredith, suka bayyana a 1938, suka kuma gyara a 1953. Suka zaɓi wani ɗigo guda, santimita biyu sama da bakin mahaifa, santimita biyu kuma a gefe, suka sa masa suna ɗigon A, suka ce a riƙa auna magani a wurin. Babban ci gaba ne a zamaninsa, domin ya sa likitan wannan gari da na wancan suna magana da ma'auni ɗaya.

A zamanin radiyam mace ta kan kwanta rigingine kwana uku da kayan a cikinta, ta huta 'yan kwanaki, ta sake wani kwana ukun. Ba wanda zai iya riƙe fitsari kwana uku, don haka a kan sa mata robar fitsari a bar ta a buɗe tana tsiyaya. Mafitsara kullum wofi, ba zaɓi, ba gardama. (Masu jinya na lokacin ne suka sha wuya, suna shiga suna fita kusa da radiyam da hannuwansu, har aka ƙago dabarar sa kayan wofi a turo ƙarfen daga baya, cikin shekarun 1960.)

A 1985 hukumar duniya mai kula da ma'aunin irin hasken nan ta fid da rahotonta na 38, ta tsara yadda za a ƙiyasta rabon mafitsara. Robar fitsari tana da ɗan balan-balan a bakinta wanda ke hana ta zamewa. Aka ce a cika shi da mililita 7 na wani ruwa mai fitowa a hoto, a ja shi ƙasa ya zauna a wuyan mafitsara, a ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, a sa ɗigo a bayan balan-balan ɗin. Abin da ɗigon ya samu, shi a ke rubutawa a matsayin rabon mafitsara. Shekaru da yawa haka a ke yi, har yanzu ma akwai inda ba su da abin da ya fi wannan. Sai dai da aka fara ɗaukar hoton siti, mai nuna jiki yanka-yanka, aka tarar wurin da ya fi shan haske a bangon mafitsara yawanci ba a wuyanta ya ke ba, yana sama da balan-balan, inda bangon ya jingina da mahaifa, wani lokaci kuma abin da ya ke sha ya kai ninki biyu na abin da aka rubuta. Ashe littafi yana nuna abu ɗaya, ma'aji na ɗauke da wani.

Gyaran ya zo a shekarun 2005 da 2006, sa'ad da wani kwamiti na ƙungiyar likitocin gashi ta Turai, cikinsu da Christine Haie-Meder ta Faransa da Richard Pötter na birnin Biyana a Ostiriya, ya tsara a riƙa ɗaukar hoton maganaɗisu, wanda a ke kira em-ar-ai, alhali kayan suna cikin mace. Bisa hoton likita zai zana iyakar tsiron, ya zana mafitsara da hanji kowanne da iyakarsa, kwamfuta ta lissafa daƙiƙun da ƙwayar za ta yi a kowane matsayi. Maimakon ɗigo guda, aka koma duba yankin nan na bangon mafitsara wanda ya fi ko'ina shan haske, mai girman mililita 2, abin da bai kai rabin cokalin shayi ba. Nan ne miki ke fara fitowa in zai fito. Wani babban bincike mai suna EMBRACE, wanda aka fara a 2008 a asibitoci 24 na Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, ya bi mata fiye da 1,300 da aka yi wa aiki ta wannan hanya. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna bayan shekara biyar, cikin kowace mace 100, 92 ciwon bai komo musu a bakin mahaifa ba.

To, da aka sami hoto mai nuna kome, aka kuma sami injin da ke gama aiki cikin 'yan mintoci, sai tambayar da ba ta taso ba a zamanin radiyam ta taso. Minti goma sha biyar kowa na iya jure cikar mafitsara. Tun da ana iya zaɓa, wanne ya fi?

GARDAMAR

Masu son a bar ta wofi suna da hujja. Mafitsarar da ta lanƙwame ƙarama ce, ba ta naɗe kayan gashi ba. Yin haka kuma shi ya fi sauƙin maimaitawa, a buɗe roba kurum a bar ta, ba awo, ba mantuwa, mace ma ba ta jin matsi. Amma akwai hasara. Filin da mafitsara ta bari, ƙananan hanji su kan zubo su cika shi, su kwanta daidai kan ƙoƙon mahaifa, inda bakin bututun nan ya ke. Hanji kuwa ya fi mafitsara rauni ga haske. In ya ƙone ya kan kawo zawo da ba ya jin magani, ko zubar jini, ko ya tsuke ya toshe bayan shekara ɗaya ko biyu, sai an yanka.

Masu son a cika ta sun ce, to, a zuba ruwa mafitsara ta tashi ta kori hanjin. Wannan gaskiya ne, binciken da aka yi a asibitoci dabam-dabam ya yi ta nuna cikar mafitsara tana rage rabon ƙananan hanji, sau da yawa ragi mai yawa. Bangon mafitsara na gaba da na sama su ma suna nisantar haske. Amma bangon baya ba inda za shi, yana manne da bakin mahaifa, in an cika ta da yawa ma sai ya miƙe ya lulluɓe mahaifar, kusurwoyinta biyu su zubo dama da hagu su rungumi zoben. Sai rabon yankin nan mai mililita 2 ya hau. Har ila yau cikakkiyar mafitsara tana iya ture mahaifa da kayan da ke cikinta baya, su matsa kusa da babban hanji. An ceci maƙwabci guda, an tura wa wani.

Saboda haka ba a sami amsa guda wadda ta dace da kowace mace ba, mu a ganinmu ba za a samu ba, domin zaman kayan ciki ba ɗaya ba ne. Waɗansu asibitoci suna barin roba a buɗe. Da yawa sun tsaya tsakiya: a tsiyaye mafitsara sarai, sa'an nan a zuba ruwan gishiri na asibiti da sirinji, mililita 50 ko 100, a matse robar. Waɗansu kuma su kan fara duba hoton, in sun ga hanji kwance kan mahaifa su ƙara ruwa har 150 ko 200 su sake ɗauka, in ba hanji a kusa su bar ta kusan wofi. Wannan ta ƙarshe ita ta fi kama hankalinmu, ko da ya ke tana cin lokaci, lokaci kuwa tsada gare shi a asibitin da mata ke jere suna jiran inji guda.

LISSAFIN AKAWU

Bari mu nuna da alƙaluma dalilin da ya sa a ke wannan ƙwaƙƙwafi. A kashi na biyu na binciken EMBRACE, wanda aka fara a 2016, an sa iyakoki kamar haka, in an haɗa gashin waje da na ciki: tsiron ya sami fiye da gire 90 in da hali, kada dai ya gaza 85. Yankin mafitsara mai shan haske a nemi ya tsaya ƙasa da 80, kada ya wuce 90 ko ta yaya. Ƙarshen hanji ƙasa da 65, kada ya wuce 75. Lanƙwasar babban hanji da ƙananan hanji ƙasa da 70.

Haɗawar ba tarawa ce ta ɗaya da ɗaya biyu ba. Haske mai yawa a zama guda ya fi yi wa lafiyayyen nama illa bisa wannan adadin in an rarraba shi, don haka akwai ƙa'idar da a ke juya kowane zama da ita kafin a shigar da shi littafi. Ga misali. Hanyar da aka saba a Biyana ita ce zama huɗu na gashin ciki, kowanne gire 7 ga tsiron. Gashin waje ya riga ya ci wa mafitsara wajen 43 bisa wannan ƙa'ida. In a kowane zama bangonta ya sha gire 5, ƙa'idar tana lissafa shi 8, sau huɗu 32, jimla 75, lafiya lau. In ya sha 6, ana lissafa shi kusan 11, sau huɗu 43, jimla 86, an wuce abin da a ke so. In kuwa ya sha 7, lissafinsa 14 ne, sau huɗu 56, jimla 99, an tsallake iyaka. Gire ɗaya tak a kowane zama ya zama goma sha ɗaya ko fiye a ƙarshen shafi. Gire ɗayan nan kuwa, matsowar 'yan milimita ta isa ta kawo shi.

Me ke faruwa in an tsallake? Yawanci ba a gani nan da nan. Bayan watanni ko shekaru sai mace ta fara yawan fitsari da zafi, mafitsara ta ƙanƙance ta daina riƙe ruwa, ko jini ya riƙa fita. Mafi muni shi ne bangon ya huje zuwa farji, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Mutanen ƙasarmu sun san yoyon fitsari, sun san abin da ya ke jawo wa mace a ɗakin mijinta da cikin dangi. Wanda doguwar naƙuda ta kawo, likitoci su kan ɗinke shi ya warke. Wanda haske ya kawo ya fi wuyar gyara nesa ba kusa ba, domin naman da ya sha gashi jininsa kaɗan ne, ba ya kama ɗinki da kyau. Amma kada mai karatu ya ɗauka mafita ita ce a rage hasken don tsoro. In tsiron ya gaza samun rabonsa zai komo, shi ma yana huda mafitsara, yana toshe bututan da ke sauko da fitsari daga ƙoda, sa'an nan ya kashe. Likita tsakanin ramuka biyu ya ke tafiya.

ABIN DA YA FI ZAƁIN MUHIMMANCI

Ga inda mu ke so a tsaya a lura. Hoton da aka ɗauka na ɗan lokaci guda ne. Bayan an ɗauka, likita zai zauna ya yi zane, masanin awo ya yi lissafi, a duba a sake dubawa, abin ya kan ci awa biyu ko uku. Duk tsawon lokacin nan mace tana kwance da kayan a cikinta, ƙoda tana aikinta. In an ɗauki hoto da mililita 50 a mafitsara, aka mance robar a matse, sa'ad da za a kunna inji akwai 150 ko 200 a ciki. In an ɗauka a cike aka yi gashi a wofi, hanjin da hoton ya nuna ya yi nisa ya riga ya komo ya kwanta kan mahaifa. Kwamfuta ba ta san an yi haka ba. Za ta buga takarda mai kyawawan alƙaluma, a sa hannu a ajiye a fayil, alhali jikin da aka yi wa lissafin ba shi ne aka gasa ba.

Don haka ƙa'idar da duk masu gardamar nan suka yarda da ita ita ce, abin da aka zaɓa a lokacin hoto, shi za a maimaita daidai a lokacin gashi. Bayan hoto a buɗe roba. Dab da kunna inji a tsiyaye sarai, a zuba adadin nan na farko da sirinji, a matse, a rubuta. Waɗansu su kan ɗora na'urar sikanin bisa mara su tabbata. Inda a ke yin zama biyu da shiri guda, yau da gobe, nan abin ya fi zama tilas. Haka kuma auduga da a ke cusawa gaba da bayan zoben don ta ture mafitsara da hanji ta kuma riƙe kayan kada su motsa, ita ma sashen lissafin ce, shi ya sa a ke hana mace tashi zaune ko juyawa.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne, cikin dukan sha'anin nan mai injuna na miliyoyin kuɗi, wannan yanki ba ya bukatar kome sai sirinji, da ruwan gishiri, da ma'aikaciyar jinya mai kula, da layi guda a takarda. Asibitin da ba shi da hoton maganaɗisu, yana aiki da siti, ko ma da hoton gaba da gefe irin na 1985, ba abin da zai hana shi tsai da ƙa'ida guda ya bi ta kullum.

ABIN DA ZA A FAƊA WA MAI JINYA

Akwai wurin da mata su kan rikice. A gashin waje ma ana son mafitsara da ɗan cika, don ta ɗage hanji daga hanyar hasken, amma can ba roba, mace ce da kanta ke shiri. A kan ce ta yi fitsari awa ɗaya kafin lokacinta, ta sha ruwa kofi biyu ko abin da aka ƙayyade mata, kada ta sake zagayawa sai an gama. In layi ya yi tsawo ta matsu, gara ta gaya wa ma'aikata a sake shiri da ta je ta yi a ɓoye ta hau gado ta yi shiru don kunya. Da bazara kuma, wadda ta zo da ƙishirwa tun daga gida, ruwan da ta sha ba zai isa mafitsara da wuri ba, sai ta riƙa shan ruwa sosai tun da safe. A gashin ciki kuwa ba ruwanta da wannan, ma'aikata ne ke zubawa su tsiyaye. Za ta ji kamar fitsari ya matse ta na 'yan mintoci, ba alamar wani abu ya ɓaci ba ne.

Miji ya sani da an janye ƙwayar nan ba sauran haske a jikin matarsa. Ba ta da hatsari ga 'ya'yanta ko ga mai cin abinci kwano ɗaya da ita, ba dalilin ware mata ɗaki. Ɗan zafin fitsari na kwana biyu ko uku bayan an cire roba abu ne da aka saba gani, amma zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko fitsari ya ƙi fita, sai a koma asibiti ran nan.

Sa'an nan sha'anin kwanaki. Bayan mako biyar na gashin waje jini ya kan tsaya, wari ya ɗauke, mace ta ji ƙarfi, kuɗi kuma sun ƙare, sai dangi su ce ai ta warke, a koma gida, na cikin nan mai wahala a bar shi. Tsiron a lokacin ya ƙanƙance ne kurum, rabin rabonsa ya samu. Ana so a gama duka biyu, na waje da na ciki, cikin mako takwas daga ranar da aka fara, masu binciken EMBRACE ma kwana 50 suka sa, domin kowane mako da aka ƙara ƙwayoyin da suka saura suna hayayyafa. In asibitin da a ke gashin waje ba shi da injin na ciki, tun a makon farko ya kamata a nemi takardar turawa, a san garin da za a je, a kama rana, a kuma tanadi kuɗin mota da na masauki.